Neman Taimako Kan Haɗa Bayanan CHIRPS da GRACE

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu bincike. Ina nazarin yadda ruwan damina ke shiga ƙasa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, kuma mako uku ke nan aikin ya cije.

Na sauke bayanan ruwan sama na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981, ana auna su a kowane faɗin kusan kilomita 5. Na kuma ɗauko na tauraron ɗan'adam na GRACE, mai auna sauyin ruwan da ƙasa ke riƙewa. Shi kuwa wata-wata yake bayarwa, yana dunƙule ɗaruruwan kilomita wuri guda, har fadamar ta ɓace a ciki. Yaya zan daidaita su ba tare da na ƙaƙaba wa bayanan abin da babu ba?

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin da ke tsakanin tsayawar GRACE a 2017 da farawar GRACE-FO, tauraron da ya gaje shi, a 2018. Daminar 2017 kusan duk ta faɗa ciki. Da me kuke cike shi?

Fayilolin NetCDF ɗin ma, wato irin fayilolin da bayanan ke zuwa a ciki, sun fi ƙarfin kwamfutata. Don Allah wanda ya taɓa yanko yankin kogin Haɗeja kaɗai daga irin waɗannan fayiloli da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ya nuna mini hanya. Allah ya saka da alheri.