Yafe kuɗin fito: aljihun wa yake shiga, na mai saye ko na mai sayarwa?

Dilalin Riɗi: Jama'a, kullum ana cewa AGOA, dokar Amurka da ta yafe wa kayan wasu ƙasashen Afirka kuɗin fito, da rangwamen Tarayyar Turai taimako ne ga ƙasashe masu tasowa. Ni ban yarda ba. Wanda ya shigar da kaya Amurka ko Turai shi ne da ma zai biya kwastan, don haka shi aka yafe wa. Suna namu, kuɗi nasa.

Akanta: A ranar da kaya suka sauka, gaskiyarka ce, Alhaji. Kafin 2025, rigar saƙi ta zaren roba tana biyan kashi 32 cikin ɗari a Amurka, ta auduga kuma 16.5. A ce kwantenar rigunan roba ta dala 100,000 ce. A lokacin, daga Bangladesh ko Vietnam kuɗin fitonta dala 32,000, daga Kenya ko Lesotho a ƙarƙashin AGOA babu ko sisi. Wannan kuɗin ba ya bi ta hannun masaƙa ko kaɗan, a asusun kamfanin da ya yi odar yake zama.

Malamar Tattalin Arziki: To me ya kai mai odar Lesotho tun farko? Ƙasa ce marar gaɓar teku, yadin ma daga Asiya ake kawo shi, a ɗinka, a sake ɗauka zuwa tashar jiragen ruwa a Afirka ta Kudu. In ba don wannan kashi 32 ba, ba wanda zai bi wannan doguwar hanya. Mai saye ya karɓi rangwamen, sannan ya mayar da wani ɓangare ta hanyar yarda da farashi mai ɗan tsada da jinkirin isowar kaya. Dokar AGOA ta fito a 2000, da sashen da ya yarje wa ƙasashe marasa ƙarfi su ɗinka da yadin wata ƙasa, kuma a kansa dubban ayyukan ɗinki suka tsaya a Maseru, babban birnin Lesotho. Rabon ya danganta da wanda ya fi ƙarfin ciniki.

Dilalin Riɗi: Hajiya, ai ƙarfin cinikin ke nan nake faɗa. Masu saye kaɗan ne, masu ɗinki kuwa ga su nan birjik.

Mai Kiliyarin: Kada a manta wuyan wa igiya take. Mai shigar da kaya ne ke neman rangwamen a takardar kwastan, ya sa harafin D, alamar AGOA, gaban lambar kayan. In ba tufafi ba ne, dole kayan haɗin da suka fito daga ƙasashen AGOA tare da kuɗin sarrafawa kai tsaye su kai kashi 35 na darajar kayan, kuma 15 daga ciki za su iya zama kayan Amurka. Inda ake faɗuwa shi ne masana'anta ta cusa ribarta da kuɗin ofis cikin lissafin, alhali ba sa ƙirguwa. Sauya buhu ko liƙa tambari ma ba ya mayar da kayan waje na gida. Kwastan na iya dawowa bayan an sayar da kaya sun ƙare, takardu kuma shekara 5 ake ajiye su. In lissafi ya rushe, mai shigarwa zai biya kuɗin fiton da ruwansa, wani lokaci da tara. Shi ya sa yake rage wani abu a farashin da yake tayawa, musamman in mai sayarwa ba ya riƙe rasit.

A Turai tun 2017 aka fara tsarin REX: mai fitar da kaya ya yi rajista, ya rubuta bayanin asalin kayan a jikin takardar ciniki da lambarsa. Kayan da ba su wuce Yuro 6,000 ba ba sa buƙatar lambar. Amma in bayanin ya zama ƙarya, mai saye ake bi bashi.

Dilalin Riɗi: Duk wannan bai shafi riɗi ba. Kuɗin fitonsa a Turai sifili ne ga kowa, da rangwame da babu. Abin da ke tare kayanmu gwajin ƙwayar salmonela ne, kamar yadda ragowar maganin ƙwari ya sa Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. AGOA kuwa, mafi yawan abin da Najeriya ta fitar a ƙarƙashinta ɗanyen mai ne.

Malamar Tattalin Arziki: Nan na yarda da kai, Alhaji, amma duba koko, wanda ake yin cakulan da shi. Ɗanyensa ba ya biyan komai a Turai. Man koko yana biyan kashi 7.7, na Najeriya 4.2 saboda tana kan rangwamen gama-gari tun 2008, na Gana da Kwaddibuwa kuwa kyauta yake shiga saboda sun sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta wucin gadi da Turai. A kayan Yuro 100,000, mai saye zai ce wa ɗan Najeriya ya sauke Yuro 4,200 ko shi mai sayen ya koma tashar Tema ta Gana. Ka ga rashin rangwame a kan mai sayarwa yake faɗawa, wanda ke nuna samunsa ma yana taɓa shi.

Akanta: A duba kuma ranar da aka janye. Madagaska ta fita daga AGOA a 2010, Habasha a farkon 2022, Nijar a farkon 2024. Mai saye ya mayar da odarsa wata ƙasa a kakar da ke tafe, masaƙar Hawassa ta Habasha kuwa ba ta da ƙafar tafiya. Haka da rangwamen gama-gari na Amurka (GSP) ya tsaya daga 2013 zuwa 2015, da aka sabunta shi an mayar wa masu shigar da kaya kuɗin da suka biya. Wanda ya rasa oda a tsakani ba wanda ya mayar masa da komai.

Mai Kiliyarin: Mayarwar ma cikin sauƙi ta zo ne ga wanda ya ci gaba da sa harafin A, alamar GSP, a takardunsa yana biya. Wanda bai sa ba sai da ya rubuta takardar nema cikin kwana 180, ƙaramin ɗan kasuwa kuma jarinsa ya yi kusan shekara 2 a ɗaure a hannun kwastan.