Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Musayar Waƙa Kan Hawan Dutsen Tebur

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Asabar ɗin da ta wuce mu shida muka je Dutsen Tebur, wanda ke tsaye a kan birnin Keftawun na Afirka ta Kudu, cikin gandun da gwamnati ta keɓe tun 1998. Biyar suka hau da ƙafa, ɗaya ya shiga motar igiya. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Da asuba muka bar gari, sanyi na cizo,
Titin Tafelberg nan ne mafarin hawa.

Kwazazzabon Platteklip ya wage baki,
Ya ce mai ƙafa bisimilla, ban da gaggawa.

Matakalar dutse, wata har gwiwa take,
Ka hau ɗaya, goma na sama suna dubawa.

Kamar kilomita uku, ka ji kamar wasa,
Awa biyu da rabi muka yi muna rarrafawa.

Na baro Dala ina taƙama da ƙwauri,
Ashe Dala a nan ƙanwar ƙanwa.

Jama'a kuwa kamar Kantin Kwari da hantsi,
Tsohuwar Baturiya ta wuce ni da gaisuwa.

Mu biyar muka kai sama da guminmu,
Na shidanmu a guga aka yi ta jawowa.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Yaro man kaza. Saurara.

Ɗan nan, ka kira shi guga, na karɓa,
Rijiya ba ta shayarwa in ba da guga ba.

Tun 1929 ake jigilar nan,
Kakanka ma lokacin bai yi kaciya ba.

Mutum sittin da biyar take kwasa a tashi guda,
Minti biyar, ko carbi ban ƙare ba.

Daɓen cikinta na juyawa da kansa,
Na ga teku, na ga gari, ko waiwaye ban yi ba.

Na hango tsibirin Robben can cikin ruwa,
Shekara 18 Mandela bai bar shi ba.

Ku da kuka hau da ƙafa, me kuka gani?
Ban da dunduniyar na gaba, ba ku ga komai ba.

Gwiwata ta yi sittin da bakwai tana bauta,
Ladanta ai ba matakalar dutse ba.

Yaya Hadiza: Baba, a gafarce ni, ba raini ba ne. Amma maganar ba mu ga komai ba, ita ce ba zan bari ta kwana ba.

Baba, da izininka zan sa baki,
Mun ga abin da ba a gani daga kan igiya.

Ciyayin nan fynbos, gajeru masu tauri,
Sai wuta ta ci su 'ya'yansu ke ganin duniya.

Furen protea kamar ƙoƙon fura a buɗe,
Tsuntsu mai dogon baki na sha ba kunya.

Can sama kwazazzabon ya tsuke,
Bango biyu suka matso, rana ta ɓuya.

Na sa tafi a dutsen, sanyi kamar randa,
Ruwa na tsattsafowa, na shafa a wuya.

A sama muka iske rema na shan hantsi,
Jiki mulmul, sai dai babu wutsiya.

'Yan ƙabilar Xhosa sun ce ranar da aka yi rabonta,
Aike ya yi, ya ce fita akwai wuya.

Ban kama suna ba fa. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Baba Alhaji:

'Yata, reman nan dangin giwa ne,
Tambayi malamanku, ni ban ƙaga ba.

Bazazzagi: Kai, jama'a! Kowa ya faɗi hawa, ba wanda ya taɓa sauka. Baba, na nemi afuwa tun kafin in fara.

An ɓoye muku rabin labari,
Bari Bazazzagi ya kwance ƙullinsa.

Igwar sha biyu ta tashi daga Signal Hill,
Muka ce a je tulin Maclear, ƙololuwarsa.

Tarin duwatsu ne tun ƙarni na 19,
Mita 1,086 daga teku zuwa kansa.

Baba ya ce ai tebur ne, shimfiɗe yake,
Ya biyo mu da babbar riga da silifas ɗinsa.

Iskar kudu maso gabas ta taso,
Likitan Kef suke ce mata, ba ta wasa.

Gajimare ya malalo ya rufe teburin ruf,
Na gaba ya ɓace, sai dai ka ji tarinsa.

Aka busa jiniya can tashar igiya,
Mu kuwa kusan tafiyar awa, muna nesa.

Kafin mu iso an ja ƙofa an kulle,
Iska in ta yi ƙarfi, motar ba ta sauka ƙasa.

Rijiya ta bayar, guga ya hana,
Baba ya dubi Platteklip, ya dubi tikitinsa.

Baba Alhaji: To, tunda an tona, ni zan ƙarasa da bakina.

Sun ce gajimaren hayaƙin lofen wani Van Hunks ne,
Gasar zuƙa da Shaiɗan, har yau ba a tashi ba.

Na yi a'uziyya, na tattare rigata,
Na ɗaure ta a ƙugu, ba don ado ba.

Sauka ta fi hawa, ku da kuka yi biyun,
Don me tun a mota ba ku gaya mini ba?

Dutsen ya jiƙe, kowane taki da santsi,
Cinya na rawa, ba kiɗa aka yi ba.

Silifa ɗaya ta tsinke a lanƙwasa ta nawa,
Hadiza ta ɗaure da igiyar jaka, ba ta yi dariya ba.

Kafaɗar Ɗan Fagge ta zame mini sanda,
Awa uku cur bai ce ya gaji ba.

Na ga furen nan nata, na tsaya a kansa,
Numfashi nake nema, ba kallo ba.

Mun sauko titi ana shirin magariba,
Rabin tikitina na nan, ban yafe ba.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Asabar mai zuwa Kan Zaki za mu, dutsen nan da ke gefe. Shi babu guga, akwai dai tsani da sarƙa kusa da sama. A sa sunanka?

Baba Alhaji: Ina da ɗaurin aure.