Malam ya dawo mini da aikina kan sarakunan Suwidin, ku ba ni shawara

'Yar Aji Uku: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle. A darasin tarihin Turai aka raba mana batutuwa da ƙuri'a, sarakunan Suwidin na farko da gadon sarautarsu suka faɗo kaina. Daular Usmaniyya na so, ƙawata ta samu, na roƙe ta mu yi musanya ta ƙi, har yau gaisuwa kawai muke yi. Na zana salsala tun daga tsohuwar zuriyar sarauta ta Yngling har Sarki Stenkil, uba ya ba ɗa. Malam ya ja jan biro a rabin shafin, ya rubuta "in ji wa?" Litinin zan mayar. In goge ko in bari?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Goge, 'yata. Labarin Yngling mutumin Iceland ne, Snorri Sturluson, ya rubuta shi wajen 1230, kuma da abubuwan bautar mutanen yankin na da ya fara jerin. Ki faro daga Erik Mai Nasara, wanda ya rasu wajen 995, sai ɗansa Olof Skötkonung da aka buga kuɗi da sunansa a garin Sigtuna. Ko nan ma salsalarki za ta karkace. Anund Jakob, ɗan Olof, ya hau a 1022, ɗan ubansa Emund, wanda ya girme shi, sai wajen 1050 ya samu. Stenkil kuwa ba ɗan Emund ba ne.

Baban Khalifa: Kar ki goge komai, ƙanwata. Haka wani malami ya yi mini, na sake aiki tun daga tushe, ashe bai ma karanta ba, haushin rashin sayen takardunsa yake ji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

'Yar Aji Uku: Baba, ai ba daga kaina na ƙirƙira ba. Akwai Erik na 14, ke nan an yi 13 kafin shi.

Tsohon Malami: Nan kika zame. Lambar daga littafin Johannes Magnus na 1554 ta fito, shi kuwa cusa sarakunan ƙarya ya yi. Kuma a zamanin zaɓen sarki ake yi, kamar masu zaɓen sarki a wurinmu. Daga baya a duwatsun Mora kusa da Uppsala ake naɗi, sarki ya zaga larduna su amince da shi. Wani sarki, Ragnvald, ya shiga lardin Västergötland bai karɓi mutanen garkuwa ba yadda al'ada ta tanada, suka kashe shi. Sai 1544 Gustav Vasa ya mai da sarautar ta gado a doka.

Maman Ilham: Ni dai da Sarki Björn za ki fara, wanda ya karɓi mai wa'azin Kirista Ansgar a garin Birka wajen 830. Ya fi tsufa.

Tsohon Malami: Hajiya, an san da Björn, amma wa ya haɗa jininsa da Erik Mai Nasara? Jan biron zai sake dawowa.

Baban Khalifa: Duk wannan ba zai hana shi kayar da ita ba in ya yi niyya.

'Yar Aji Uku: Na gode, amma na riga na biya kuɗin buga salsalar da kala, ga kwali babba. Ba zai yiwu in bar ta ba in rubuta "ana cewa" a sama?