Barkonon Amurka a bokiti: in shuka yanzu ko in jira damina?

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko mini ƙwaya 12 ta wani irin barkono, Carolina Reaper aka rubuta a jikin takardar. Gidan haya muke a Garin Malam nan Damagaram, tsakar gidan duk siminti ne, sai dai in sa a tsofaffin bokitan fenti huɗu da nake da su. Ƴan biyuna shekararsu uku, ba abin da hannunsu ke bari, ga akuyar maƙwabciya. Yanzu tsakiyar Fabrairu, sanyi ya fara ja da baya. In zuba irin yanzu ko in jira ruwa ya sauka? Tsorona kar ya mutu a ajiye.

Tsohon Mai Garka: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki ja kunyoyi, ki zuba takin shanu wanda ya ruɓe, ki bar taku biyu tsakanin gindi da gindi. Haka muke yi a Mirya tun iyaye.

Maman Ƴan Biyu: Baba, siminti na ce fa.

Gwaggon Yara: Ni ban ga abin wahala ba. Ranar Alhamis na sayi kashin attarugu dala 20, wato sefa 100, a Kasuwar Dole, har yau muna miya da shi.

Sarkin Fada: Na tambayi mai jin Ingilishi, ya ce sunan nan na mai lauje ne da ke girbe rayuka. Hajiya, me kika yi wa ƙanen nan naki?

Baban Halifa: Hajiya, don Allah ki saurare ni, ni na sha wannan. Bara waccan na sayi ƙwaya 10 jika 6, wato sefa dubu 6, wurin wani a Facebook. Na zuba a gwangwanayen tumatir cikin Janairu. Sati uku shiru, kullum ina leƙawa kamar mai jiran haihuwa, sai huɗu suka tsiro. Na yanka bido, wato jarkar ruwa, biyu-biyu na dasa su. Ganye ya yi kyau, har maƙwabta na shigowa kallo.

Da Afrilu ya kama, fure ya fito, fari-fari ƙanana. Duk safiya sai in tarar ya zube ƙasa kamar an watsa tsaki, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba. Pampo ya ƙafe, ruwan garuwa muke saye. Uwar gida ta ce yara na wanka da rabin bokiti, barkonona na sha safe da yamma. Biyu suka mutu duk da haka. Sai da ruwa ya zauna sauran suka ƙulla, cikin Satumba na tsinki ƴaƴa bakwai. Bakwai! Jajaye, duk ƙuraje, da ɗan wutsiya irin ta kunama.

Na shanya su a faifai, ban yi wa kowa bayani ba, laifina ke nan. Ina wurin aiki uwar gida ta haɗa da ƙuli da citta ta hau daka. Kafin in dawo gida ya rikice. Kowa tari, Halifa ya taɓa taɓarya ya murje ido yana ihu, tsohuwata mai ciwon asma numfashi ya sarƙe, cikin dare muka kai ta likita. Ita kuwa uwar gida da hannu cikin ƙwaryar nono ta kwana. Turmin na aurenta ne, na mahaifiyarta, an wanke shi da toka ya fi sau nawa, furar da aka kirɓa bayan sati ba ta shayu ba. Kwana tara ta yi a gidansu sai da na je biko da kawuna.

Sarkin Fada: Wato yaji ya jawo yaji.

Baban Halifa: Ka yi dariyarka ƙanena, ba ka yi aure ba tukuna.

Ɗan Zango: Jika 6? An yanka ka Malam. Ni jika 2 aka ce mini ƙwaya 20, daga Kano ake kawowa.

Baban Halifa: Ka shuka ka ga abin da ya fito?

Ɗan Zango: Abokina ya shuka, ya yi yaji ƙwarai.

Gwaggon Yara: Attarugu aka sayar muku cikin sabuwar leda.

Ɗalibar Noma: Anti, bari in amsa abin da kika tambaya. Danginsa ɗaya da attarugunmu, ƙarfi ne ya bambanta. A ma'aunin yaji na Skobil attarugu na tsakanin 100,000 da 350,000, shi kuwa wannan ya haura miliyan ɗaya da dubu 600. Wani manomi a Karolina ta Kudu ya samar da shi, kundin Guinness ya ba shi kambu a 2013, sai a 2023 wani irin na mutumin nan dai, Pepper X, ya ƙwace. Abin da ya sami Baban Halifa ba mamaki, in zafi ya wuce digiri 35 fure zubewa yake, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke kwana muna tashi. In kika zuba yanzu, furen zai faɗa daidai bazara. Ki sa irin a kwalba mai murfi inda ba laima ba rana, wata huɗu ba za su kashe shi ba. Ki huda gindin bokitan, ki zuba cikin Yuni. In za ki yanka ki sa safar hannu ta roba. In ya ƙone baki nono ake sha, ruwa ba ya wanke shi, a maiƙo yake narkewa.

Tsohon Mai Garka: Digiri nawa digiri nawa. Shekara ta fi 30 ina ban ruwa, attaruguna na yin ƴaƴa cikin bazara ƙarƙashin mangwaro. Damina kuwa ƙwari da nanaɗewar ganye za su cinye mata shi. Ɗiyata, gindi nawa kika taɓa rena da hannunki?

Ɗalibar Noma: Baba, garkarka akwai inuwa da danshi a ƙasa. Bokitin roba kan siminti da azahar, saiwa dahuwa take. In ƙwari ne, ruwan ƴaƴan dogon yaro na maganinsu, ku kuka koya mana.

Tsohon Mai Garka: To ba ki amsa ba, gindi nawa?

Ɗan Zango: Ku duka ku yi shiru, wanda ya tsinki bakwai shi ne malami a nan.

Baban Halifa: Ni darasina ɗaya, ku lissafa ruwa. Bido dala 40 na riƙa saye lokacin, da na tara kuɗin da tiya nawa ta tattasan Diffa zan saya.

Gwaggon Yara: Dala 40 ina? Mu a Birni bai taɓa wuce dala 20 ba.

Inna ta Karkada: Ke kina kusa da pampo shi ya sa. Bazarar bara dala 50 na saya, shi ma sai da na roƙi mai kura kamar zai ba ni kyauta. Ƙarfe uku na dare nake tashi in kasa kunne ko bututu zai yi tari. Kuma ƙarshen wata takarda ba ta fashi, iska muke biya.

Mushe Mai Ritaya: Wannan ciwo ya girme mu duka. Garin kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, kuma rashin ruwan na cikin dalilan da ake faɗa na mai da babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. An jawo ruwan Gogo, an jawo na Arunguza, an jawo na Ganaram, gari na ƙara faɗi yana shanyewa.

Sarkin Fada: A ba pampon barkonon Hajiya ko ya yi hawaye mu tara.

Maman Ƴan Biyu: Na gode duka. Amma in na ɗora bokitan kan katanga saboda yara da akuya, rana ba za ta yi musu yawa ba?

Inna ta Karkada: Ƴan Garin Malam, ku naku ya zo daren jiya? Mu yau kwana shida ke nan, in akwai mai lambar wani mai kura mai tsoron Allah ya turo mini.