Wa takardar ɗaukar aiki take karewa, mai kamfani ko ma'aikaci?

Tsohon Akawu: Jama'a salamu alaikum. Ina da magana, na kuma san ba kowa zai yarda da ni ba. Takardar yarjejeniyar aiki mai kamfani take karewa, ma'aikaci sa hannu kawai ne nasa. Shekara 9 na yi ina riƙe da littafin kuɗin wani kamfani. Ranar da aka ɗauke ni, shafi 11 aka miƙo mini da biro, manaja yana tsaye a kaina. Ranar da aka sallame ni, da wannan takardar aka kafa mini hujja, layi ɗaya tak: kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen aikin da sanarwar wata guda. Lauyan kamfani ne ya rubuta, kamfani ne ya biya shi. To wa kuke jin zai kare?

Mai Kamfani: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amma ni ban yarda ba. Ma'aikata 14 nake da su, kuma kafin in fara rubutawa babu watan da ba a yi musu: wannan ya ce an yi masa alkawarin ƙarin albashi bayan wata shida, waccan ta ce ba a gaya mata za ta riƙa aikin ƙarshen mako ba. Da na rubuta, ni takardar ta fara ɗaurewa. Ranar biyan albashi tana ciki, kwanakin hutu suna ciki. Ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba, ba ni da bakin cewa a yi haƙuri.

Tsohon Akawu: Hajiya, ai ke kika zaɓi abin da zai ɗaure ki. Shi ma'aikacin me ya zaɓa?

Kwamared: Nan Malam ya taɓo inda yake ciwo. Ana kiran abin yarjejeniya kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suka zauna suka daidaita. Wanda ya yi wata takwas yana neman aiki ba ya ciniki a kan sakin layi na bakwai. Amma Malam, inda zan rabu da kai shi ne, na daɗe ina raka ma'aikata zaman sasanci, kuma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya zo hannu rabbana. Sai a tambaye shi yaushe ya fara aiki, nawa ne albashinsa, alawus ɗin da yake nema wa ya yi masa alkawari. Duk a baki aka yi. Wanda ya yi alkawarin ma ya bar kamfanin. Mai muguwar takarda aƙalla yana da abin da za a buɗe a karanta.

Lauya: Ku ba ni dama in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai abin da takarda ta ce, akwai kuma abin da doka ta ce, kuma doka ce a sama. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da ka sa wa hannu ya hau kanka. A harkar ƙwadago ba haka ba ne. Doka tana shimfiɗa mafi ƙarancin haƙƙi, yarjejeniya tana iya ƙarawa a kai amma ba ta iya ragewa. Idan ƙasa ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi, ko ma'aikaci ya rattaba hannu sau goma cewa ya yarda da abin da bai kai shi ba, wannan sharaɗin ba ya aiki.

Tushen abin ya daɗe. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya an kafa ta a 1919, kuma yarjejeniyarta ta farko a wannan shekarar a kan awannin aiki ce a masana'antu: awa 8 a rana, 48 a mako. Yarjejeniyar ƙungiyar mai lamba 95 ta 1949 ta ce ba a zaftare albashi sai bisa abin da doka, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin sasanci ya halatta. Mai lamba 158 ta 1982 kuwa ta shafi maganarka kai tsaye, Malam: ba a sallamar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, ko na iya aikinsa, ko na halayyarsa, ko na buƙatar gudanar da kamfanin. Juna biyu ko shiga ƙungiyar ƙwadago ba dalili ba ne. Sai dai wannan tana ɗaure ƙasashen da suka amince da ita ne kawai, kuma da yawa ba su amince ba. Shi ya sa layin da aka sallame ka da shi zai iya tsayawa a kotun wata ƙasa, ya faɗi a ta wata.

Tsohon Akawu: Barista, ka ga ka ƙarfafa maganata. Doka ce ke kare ma'aikaci, ba takardar ba.

Lauya: Rabin maganar kenan, Malam. Doka ba ta san albashinka ba, ba ta san muƙaminka ba, ba ta san an yi maka alkawarin kuɗin mota ko garatuti ba. Duk abin da ya ɗara mafi ƙaranci, takardar ce kaɗai shaidarka. Ita kanta dokar ce ma take tilasta wa mai kamfani ya rubuta, don ta san wa rashin rubutun yake cuta. A Birtaniya, tun Afrilun 2020 dole a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗansa tun ranar farko. Tarayyar Turai a 2019 ta ce muhimman bayanai su isa hannunsa cikin kwana bakwai, ta kuma taƙaita lokacin gwaji zuwa wata shida sai in da wani dalili na musamman. Da takardar makamin mai kamfani ce kawai, da ba sai an tilasta masa ba.

Sabon Ma'aikaci: Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Ni takardar da aka ba ni ta ce ni ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba. Amma ƙarfe takwas nake zuwa, ni ba na zaɓar aikin da zan yi, kuma an hana ni yi wa kowa aiki sai su. Babu hutu, babu fansho. Na riga na sa hannu.

Kwamared: Ƙanena, wannan ita ce dabarar da ta fi yawa yanzu. A canza maka suna a takarda don a guje wa haƙƙinka.

Lauya: Kuma kotuna sun gane ta. Shawara mai lamba 198 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2006 ta ce a duba yadda ake aikin a zahiri, ba sunan da aka laƙaba masa ba. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar direbobin Uber, kamfanin da ke haɗa fasinja da direba ta manhajar waya. Takardun kamfanin sun nuna direbobin masu zaman kansu ne. Kotun ta duba ta ga Uber ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke tsara sharuɗɗa ba tare da direba ya ce uffan ba, shi ke hukunta wanda ya cika ƙin ɗaukar fasinja. Ta ce suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Don haka ka adana komai: saƙonnin da ake ba ka umarni, jadawalin aiki, shaidar biyan kuɗi. Sannan ka kai wa lauyan da ya san dokar ƙasar da kake.

Mai Kamfani: Barista, tunda ana faɗin gaskiya bari in faɗi tawa. Takardata ta farko daga intanet na kwafo. Daga baya aka nuna mini tana ambaton dokar wata ƙasa daban, har da sharaɗin cewa wanda ya bar ni ba zai yi aiki da mai irin sana'ata ba har shekara biyu. Ban ma san yana ciki ba.

Lauya: Wannan sharaɗin shi ya fi yawo a takardun kwafe. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta ce irin wannan sharaɗin ba ya aiki. A wurare da dama kuma kotu ba ta karɓarsa sai in ya tsaya a iyakar hankali, wajen tsawon lokaci da faɗin yanki, kuma akwai sirrin kasuwanci na gaske da ake karewa. Ki kuma lura, Hajiya, inda magana ta zo da harshen damo, kotuna da yawa suna fassara ta ne a kan wanda ya rubuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takarda ba ma'aikaci kaɗai take cuta ba.

Tsohon Akawu: Na ji, kuma na yarda rashin takarda ya fi muni. Amma ban janye ba. Muddin ɓangare ɗaya ne ke rubutawa, ɗayan kuma ana tsaye a kansa da biro, to ta mai rubutun ce. A tawa akwai wani layi da ya ce zan yi aikin akawu "da duk wani aiki da aka ba ni". Da wannan layin na yi aikin mutum uku a albashin mutum ɗaya. Wace doka ce ta hana?

Kwamared: Wannan kam ba ni da ja. Irin layin nan, da wanda ke ba kamfani ikon canza sharuɗɗa duk lokacin da ya ga dama, su nake fara nema in an kawo mini takarda.

Mai Kamfani: Malam, layin nan yana cikin tawa, yanzu na duba. Ba zan iya cire shi gaba ɗaya ba, don ƙaramin kamfani dole wani ya riƙe wa wani in an yi rashin lafiya. Amma zan mayar da shi "aikin da ya danganci muƙaminsa", in kuma riƙon ya wuce wata guda a biya shi alawus. Zan kuma riƙa ba mutum kwana uku ya tafi da takardar gida ya nuna wa wanda ya yarda da shi.

Tsohon Akawu: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Saura sanarwar sallama. Wanda ya yi miki shekara 9 da wanda ya yi wata 9, duk wata guda za ki ba su?

Mai Kamfani: A yanzu haka take a rubuce. Barista, in na ce sanarwar ta riƙa ƙaruwa da yawan shekarun aiki, shi ma ma'aikacin dole ya ba ni irin wannan tsawon in zai tafi, ko ana iya bambantawa?