Tsofaffin fina-finan samartaka na Japan: kaset, LaserDisc ko Blu-ray?

MaiSonFim: Assalamu alaikum. Ina son fara tara tsofaffin fina-finan Japan masu labarin tasowar matasa, irin na Shinji Somai da Nobuhiko Obayashi. Wane kwafi ya kamata a saya, kuma me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

TsohonKaset: Wa alaikumus salam. Fara da na'ura kafin faifai. Ana kulle fayafai bisa yankin duniya: DVD ɗin Japan na yanki na 2 ne, kuma tsarin hotonsa NTSC ne, Blu-ray kuma yankin A, don haka nemi na'urar da ke karanta kowane yanki. Tsohuwar na'urar da aka yi wa kasuwar Japan wutar bolt 100 take sha. In ka jona ta a 220 babu taransifoma, nan take za ta ƙone. Kuma yawancin bugun cikin gida ba su da fassarar Turanci a ƙasan allo.

MaiFaifai: Malam, LaserDisc, wato babban faifan bidiyo na kafin DVD, sai da lura. Fayafai biyu ne aka manne, in iska ta shiga tsakani sai alminiyon ciki ya lalace, hoto ya cika da ɗige-ɗige. Ido ba ya gane wannan a jikin faifai, sai an kunna, saboda haka ka sa mai sayarwa ya gwada fuska biyun. Kamfanin Pioneer ya daina ƙera na'urar tun 2009, gyara yana wuya. Kaset kuwa, leƙa tagarsa: in ka ga farin gari a kan zaren, funfuna ce, kada ya shiga na'urarka don zai ɓata kan da ke karanta kaset. A kasuwannin intanet na Japan irin su Yahoo Auctions ko Mercari, duba ko tsohon kwafin shagon haya ne, sitika za ta nuna. Wanda obi ɗinsa ke nan, wato siririyar takardar da ke naɗe da kwali, ya fi daraja. A tsaye ake jera fayafai da kaset, nesa da zafi da danshi.

'YarMajigi: Ni dai a ganina, ɗan'uwa, in kallo kake so, sayi sabon bugun da aka gyara hotonsa. Somai yakan bar kyamara ta yi ta ɗauka ba yankewa, yara na kai da komo har gefen allo, kaset kuma sau da yawa yakan datse gefen. Fina-finansa Typhoon Club na 1985 da Moving na 1993 duk an gyara su a 4K, na biyun har ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice na 2023. Kuɗin tarawa kuma ka zuba a chirashi, takardun tallan sinima masu girman B5. Ka sa kowacce a leda marar asid, kada ka ninke.