Kafin a biya kuɗin fili a Kano, me ake dubawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu harkar filaye, wanda aka yi wa tallan fuloti, me zai fara dubawa kafin kuɗi su bar hannunsa?

Mai awo, Hotoro: Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin awon gwamnati ne ko awon igiya. Na gwamnati yana da lambar fuloti da fayil a Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo. Na igiya kuwa gona ce aka yanka, shaidarsa takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci, kuma ba ta hana a fitar da titi ta tsakiyarsa. A kai lambar fayil KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Kano, a yi bincike: sunan wa ke ciki, an jinginar da filin a banki, akwai bashin harajin ƙasa? Sannan mai awo ya tono duwatsun kusurwa huɗu. An sha nuna wa mutum fili daban, takarda daban.

Lauya, Zoo Road: Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna. Takardar C of O (shaidar mallakar fili ta gwamnati) ta gidan zama yawanci shekara 99 ce, kuma sayar da fili mai ita sai da amincewar gwamna. Nan mutane ke sakaci: su karɓi takarda da sunan tsohon mai shi su jefa a akwati. Ranar da ya rasu, magadansa za ka fuskanta. In na gado ne, a ga takardar rabon kotu, kowane magaji ya sa hannu, har mata.

Hajiya, Kabuga: Gidajen Hukumar Gidaje irin na Kundila ma haka, a je ofishinsu a tabbatar an gama biya, a sauya suna.

Magini, Kurna: Alhaji, mallaka daban, izinin gini daban. KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ita ce ke duba zanen gini ta zo ta ga wurin kafin a haƙa harsashi. Abin da ke jawo jan fenti a bango, alamar gargaɗin hukumar, sananne ne: cin hanya, toshe magudanar ruwa, gini ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko mayar da gida shaguna ba izini. Kuma don Allah a je ganin fili a Agusta, lokacin ne tsohon kududdufin da aka cike da shara ke tona kansa.